Yadda zaka auna ƙarfin da aiki ke ci a jikin shanun huɗa kafin ka ɗaura musu karkiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma, musamman masu shanun huɗa da masu amalanke da masu jakunan kaya. Akwai maganar da na daɗe ina so in zauna in rubuta dalla-dalla, saboda duk shekara abu ɗaya nake gani, mutum ya tara kuɗi ya je Maigatari ko Mai'adua ko Wudil ya sayo shanu masu kyau, kafin a gama huɗa sun koma ƙashi da fata, sai ya ce an cuce shi a kasuwa ko kuma baki ne ya kama su, alhali aikin ne ya cinye su shi bai lura ba.

Ni ma ya taɓa faruwa da ni shi yasa abin yake damuna. Wata shekara ina da farfaru guda biyu, na karɓi kuɗin huɗar wani bawan Allah tun ruwa bai sauka ba, ya ce eka 2 ce, ban je na ga gonar ba. A jigawarmu eka ɗaya mukan gama ta kafin rana ta take, sai na lissafa kwana biyu. Ashe gonar a bakin fadama take, ƙasar laka ce, kuma an kwana biyu ana ruwa. To kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, muka shiga. Ƙafarsu tana nutsewa har saman kofato, duk takun da suka yi sai kaji sautin zaro ƙafa daga taɓo, laka ta manne a bakin garma tana yin dunƙule. Wajen ƙarfe 11 na hagun ya buɗe baki, harshe a waje, yawu yana dalala, can sai ya durƙusa a cikin kwarin kunya. Yaron da ke jan igiya ya ɗaga tsumagiya na ce masa ajiye, wannan ba taurin kai bane. Sati biyu cur san nan bai koma aiki ba, kuma sati biyun nan sune tsakiyar huɗa. Eka dai eka ce a bakin mai gona, amma a jikin sa ekar jigawa daban ta fadama daban, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake.

Mataki na farko: ka san nauyin dabbarka

Ƙarfin ja yana bin nauyin jiki. Abin da masana dabbobin aiki suka saba faɗa shine sa mai lafiya yana iya jan kusan kashi 1 cikin 10 na nauyinsa na tsawon awanni ba tare da ya galabaita ba. Wato sa mai kilo 300 zai ja abin da ya kai kilo 30, biyu a karkiya ɗaya kusan kilo 60, ko ma ƙasa kaɗan don ba kullum suke ja daidai da juna ba. Zasu iya fizgar abin da ya ninka haka na ɗan lokaci, kamar idan garma ta ci karo da saiwa ko amalanke ta maƙale, amma fizga daban aikin wuni daban.

Ba sai kana da sikeli ba. Ka ari tef ɗin tela, ka zagaya ƙirjin san daidai bayan ƙafafun gaba da bayan tozo, sannan ka auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya, duka da santimita. Ka buga zagayen ƙirji sau kansa, ka buga da tsawon, ka raba da 10,840. Misali ƙirji 160, tsawo 130, zaka samu kusan kilo 307. Kalkuletar wayarka ta isa. Ba zai fito cif-cif ba amma ya fi ƙiyasin ido nesa, kuma amfaninsa babba shine ka auna kafin damina ka rubuta, ka sake aunawa duk bayan sati biyu, idan ƙirjin yana raguwa da sauri to aikin ya fi abincin.

A nan kuma ka duba haɗin. Idan ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko ƙarfi sosai karkiya zata karkace, ƙaramin ya riƙa shan wahala a wuya babban kuma ya riƙa jan garma da ɗan'uwansa tare. Bunaji da Bunaji, Bokoloji da Bokoloji, masu kusan shekaru ɗaya da taku ɗaya, shine ya fi.

Mataki na biyu: ka taka gonar da ƙafarka kafin ka yi ciniki

Nan ne zan daɗe don nan ne mutane suka fi yin kuskure. Mu garma muke kallo, muna ganin ita kaɗai ce nauyin, mun manta kafin sa ya ja komai sai ya fara ɗaukar kansa, kilo 300 ɗin nan shi ke kai su ƙarshen kunya ya dawo da su. Kaso mai yawa na ƙarfin da yake ƙonewa a wuni a tafiyar kawai yake tafiya, kuma tsadar tafiyar ƙasar da yake takawa ce ke yanke ta. Kai ma ka sani a jikinka, tafiyar kilomita ɗaya a kan kwalta da tafiyar kilomita ɗaya a cikin yashin rafi ba ɗaya bane.

An gwada wannan da na'ura, ba zance bane. A tsakiyar Najeriya an taɓa ɗaura wa shanun Bunaji na'urar da ke auna iskar da suke shaƙa suna aiki, aka ga tafiya a tudun da aka riga aka kafce tana cin kusan ninki biyu na tafiya a tudun da ba a taɓa ba, tafiya a jiƙaƙƙiyar fadamar da aka kafce kuwa ta haura ninki biyar. A Nijar ma a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an yi irin wannan awon, aka ga hanyar marmara mai tauri ita ce mafi sauƙi a gare su, rairayin da ba a huɗe ba ya fi ta ci, rairayin da aka huɗe kuma ya fi duka.

Yanzu ka haɗa wannan da nisan da suke yi. Idan kunyoyinka tazarar santimita 75 ce, kadada ɗaya tafiyar kilomita 13 da ɗoriya ce, eka ɗaya kuma wajen kilomita 5 da rabi, ban da juyawa a bakin gona. Idan kuwa garmar kaftu ce mai juya ƙasa wadda faɗin yankanta bai wuce santimita 20 ba, kadada ɗaya kilomita 50 ce. Shi yasa wanda ya saba da huɗa da irin garmar Emcot ɗin nan da ta bazu a ƙasar Hausa, idan aka ba shi kaftu ya ce zai gama cikin lokacin da ya saba gama huɗa, to shanun ne zasu biya. Sannan ka ƙara da hanyar zuwa gona da dawowa, gonar da ke kilomita 4 daga gida ta ci kilomita 8 ba a ja kunya ko ɗaya ba. Idan gona ta yi nisa gara ka kai su da yamma su kwana a can idan akwai tsaro, ko ka rage aikin ranar, kuma garmar a ɗora ta a amalanke kar a ja ta a ƙasa.

To idan ka je ganin gona ga abin da zaka yi. Ka shiga tsakiyarta ba gefe ba, ka taka ka ga iya inda ƙafarka ke nutsewa. Ka tona kamar tsawon tafin hannu ka damƙi ƙasar ka matse. Idan ta dunƙule kuma da ka taɓa ta da yatsa ta warwatse, wannan ita ce danshin da ake so, garma zata shiga kamar wuƙa a cikin tuwo. Idan ta ƙi dunƙulewa tana zubewa kamar gari, ko kuma ƙasan tauri ne kamar fako, ruwan bai kai ba, garma zata riƙa tsalle tana fizgar wuyansu. Idan ta manne a hannunka tana sheƙi har ruwa na fitowa tsakanin yatsu, ka bari ta sha iska kwana ɗaya ko biyu. A jigawa washegarin ruwa mai kyau zaka iya shiga, a laka haƙurin kwana ɗaya yakan cece ka daga asarar sati. Ka duba kututture da saiwoyi da tsakuwa, ka duba ciyawa, don gonar da kiri-kiri ko wata ciyawa mai jijiya ta kama, ko wadda ba a yi mata shara ba karan bara na nan kwance, tana toshe bakin garma nauyin ya ƙaru.

Gangare ma abin dubawa ne. Hawa sama mita ɗaya yana cin ƙarfin da ya fi na tafiyar mita 10 a shimfiɗe. Idan gona tana da gangare ka ja kunyoyin a gicciye, kar ka bi hawa da sauka, shanun sun huta kuma ruwa ba zai kwashe maka ƙasa da taki ba.

Ni yanzu ba na yin cinikin huɗa a majalisa. Sai na ga gona, kuma kuɗin fadama daban na jigawa daban, wanda ya ga ya yi masa tsada ba komai, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Mataki na uku: garma da karkiya

Bakin garma idan ya dakushe ba ya yanka ƙasa, tura ta yake yi, kuma mai riƙo sai ya riƙa dannawa da ƙarfi don ta shiga, duk dannawar nan a wuyan shanu take sauka. Tun a bazara ka kai wa maƙeri ya gyara bakin ko a canza, fikafikan a goge tsatsa su yi santsi don ƙasa ta riƙa zamewa, tayar gaba a duba ta tana juyawa ko ta ƙage. Kullum bayan an tashi a kankare lakar, a shafa ɗan baƙin mai idan za a ajiye ta kwanaki.

Zurfi shine babban mai ƙara nauyi. Ɗan ƙarin zurfi da buɗe fikafikai da kake ganin ba komai bane, ƙasar da ake ɗagawa ce ke ƙaruwa a kowane taku na kilomita 13 ɗin nan. Mai gona kullum so yake kunya ta yi tsawo kamar ta dankali ko rogo ko da gero zai shuka, kai ne zaka san iya abin da shanunka zasu ɗauka. Tsawon sarƙa yana da hannu a nan, idan ta yi tsawo garma tana nutsewa, idan ta yi gajarta bakin yana ɗagowa kuma ga haɗarin ya sari dugadugansu a juyi. Garmar da aka saita daidai zaka ji ta a hannu, riƙe ta kawai kake yi kana gyara mata hanya, ba kokawa kake da ita ba. Wanda yake so ya gani da ido, ya samu sikelin ƙugiya mai ƙarfi irin wanda ake rataya buhu, ya saka shi tsakanin sarƙa da garma, a ja a hankali wani na gefe yana karantawa, idan allurar tana zama sama da kashi 1 cikin 10 na nauyin shanun biyu a haɗe to a rage zurfi ko a rage awanni.

Karkiya kuma icen ya zama mai santsi, mai faɗi a inda yake zama gaban tozo, ba mai kaifin gefe ko tsaga ba, kuma kar ya yi nauyin banza. A huɗa da noman tsakanin kunya, tazarar da ke tsakanin wuyan shanun biyu ta zama ninki biyu na tazarar kunya, kunyar santimita 75 karkiyar santimita 150, don kowanne ya samu kwarin da zai bi ba ya tattaka kunya yana tuntuɓe ba. Igiyar da ke ƙarƙashin wuya kar ta shaƙe, hannunka ya iya shiga. Sa mai miki a wuya zaka ga yana karkata kai yana ja da gefe, ƙarfinsa rabi na tafiya wajen guje wa zafin. Kullum da yamma ka shafa wuyan da tafin hannu, idan ka ji wuri ya yi zafi ko gashi ya fara tsigewa to gyaran karkiya ya kama tun bai fashe ba, kuma ranar da aka yi ruwa suna cikin karkiya ka ƙara lura don jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin saɓulewa.

Mataki na huɗu: lokaci da zafin rana

Ƙarfin da sa ke ƙonewa wajen ja, kusan kashi 1 cikin 3 ne kawai ke zama aiki, sauran zafi yake zama a cikin jikinsa, ga tumbinsa ma da ke narka ciyawa yana fitar da nasa zafin. Kuma sa ba ya zufa kamar doki ko jaki, da haki yake taimaka wa kansa. Huɗar farko tana zuwa ne daidai ƙarshen bazara, watan Mayu zuwa Yuni, lokacin da zafi a irin su Sakkwato da Maiduguri da Damagaram yakan haura digiri 40 kafin ruwa ya zauna, da ruwa ya sauka kuma sai gumi ya shigo, iskar ta yi nauyi, hakin ma ba ya sanyaya su sosai. Ranar da aka wayi gari ba iska, rana ta fito fes bayan ruwan dare, ita ce ranar da ta fi kayar da shanu a wajena.

Don haka ana sallar asuba gari ya fara haske ku kasance a gona. Awa 4 zuwa 5 na aiki ya isa wuni, a tashi kafin ƙarfe 11. Idan aiki ya matse a koma bayan la'asar a yi awa ɗaya da rabi ko biyu, amma tsakanin nan a kwance musu karkiya gaba ɗaya, a kai su inuwa, su sha su ci su yi tuƙa. Tsayawa a rana da karkiya a wuya ba hutu bane. A cikin aikin ma duk bayan kamar rabin awa ko minti 40 a tsaya minti 5 zuwa 10, a juya fuskarsu wajen iska. A fadama kuwa ni rabin wannan awannin nake yi.

Kar a kore su da gudu. Shanu suna da takunsu, wajen kilomita 2 da rabi zuwa 3 a awa idan suna ja, idan aka bar su a kai zasu daɗe. Yaran da ake ba jan igiya sukan so a gama da wuri su tafi, sai duka da ihu, sa ya firgita ya fizga ya tsaya ya sake fizga, wannan fizge-fizgen ya fi tafiya a natse cin ƙarfi kuma kunyar ma ba ta miƙewa. Ka zaunar da yaron ka faɗa masa, ka ce kai ɗan nan muryarka ta ishe su, tsumagiya ta nuni ce.

Ga yadda ake karanta gajiya. Sa a hutu cikin sanyin safiya yana numfashi kamar 10 zuwa 30 a minti. Ka tsaya a gefensa ka kalli kwiɓinsa, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4, ka yi haka tun a turke don ka san nasa. A aiki zai hau, wannan ba laifi, abin lura shine idan an tsaya minti 10 ya sauko ko bai sauko ba. Alamar farko takun yana raguwa, suna yawan tsayawa da kansu, kai yana sunkuyawa. Sai yawu ya fara zuba kamar zare, sai kumfa. Idan baki ya buɗe harshe ya fito, ko ƙafafun baya suna harɗewa, ko naman cinya na rawa, an riga an wuce gona da iri, a kwance nan take, a kai inuwa, a zuba masa ruwa a wuya da kafaɗu da ƙafafu, idan numfashin ya ɗan lafa a ba shi ya sha a hankali. Idan bai dawo daidai ba ko ya ƙi tashi a kira malamin dabbobi, kuma wallahi kar a ce za a tashe shi da duka ko murɗa wutsiya ko zuba barkono. Mun san hadisin raƙumin da ya ga Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye, aka kira mai shi aka ce masa ya ji tsoron Allah game da dabbar nan, ta kai ƙara cewa yana barin ta da yunwa yana kuma wahalar da ita. Yunwa da yawan aiki, su biyun nan dai har yau su ne.

Mataki na biyar: ciki

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wunin aiki na awa 5 yakan ƙara wa sa buƙatar abinci da kamar rabin abin da yake buƙata in yana zaune, a ƙasa mai nauyi ya fi haka. Matsalar ita ce ba ya iya ƙara cin rabin nan a ranar, tumbi yana da iyaka, kara da busasshiyar ciyawa suna daɗewa kafin su narke, ga shi aikin ya cinye awannin da zai yi kiwo, kuma yana buƙatar wasu awanni 6 zuwa 8 na tuƙa. Abin da ya kasa samu a baki daga kitsen jikinsa yake cirewa. Kaga kenan san da ya shigo damina da tsoka da tozo a tsaye yana da ajiyar da zai ci na sati uku ko huɗu, wanda ya shigo haƙarƙari a waje ba shi da komai, kuma lokacin huɗa shine daidai lokacin da abinci ya fi ƙaranci a shekara.

Shi yasa ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da kaka ka ware harawar wake da ta gyaɗa ta shanun aiki daban, a kan rufi ko a reshen bishiya inda ruwa da gara ba zasu taɓa ba, kar ka sayar da ita duka don farashi ya hau a rani. Daga watan Maris ko Afrilu ka fara ƙara musu. Sa mai kilo 300 yana cin busasshen abinci kamar kilo 7 zuwa 8 a rana, a ciki a samu harawa ko ƙowa, da kilo 1 zuwa 2 na dusa ko angurya, 'ya'yan gawo ma idan akwai suna da kyau sosai, sai ɗan gishiri ko kanwa. Dusa da hatsi a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa cikin sati biyu, zuba musu da yawa rana ɗaya yana kawo kumburin ciki. Sabuwar ciyawar farkon ruwa kuma kar ta ruɗe ka, yawancinta ruwa ne, tana sa su zawo, a ci gaba da busasshen abincin tare da ita.

A kwanakin aiki babban cin da yamma ne da dare, a zuba musu a turke su kwana suna ci. Da asuba ɗan kaɗan kawai, kar a cika tumbi a ɗaura karkiya. Ruwa kuma sa mai aiki a zafi zai sha lita 40 ko fiye, jarka biyu kenan, a ba shi kafin a fita, da bayan an kwance ya ɗan huce, da yamma. Masu cewa wai ruwa yana kashe wa sa jiki a aiki, ƙishirwa ce ke kashe shi, kuma san da bai sha ya ƙoshi ba ba ya cin busasshen abinci.

Kafin damina da kamar wata ɗaya a ba su maganin tsutsar ciki da na hanta, musamman masu kiwo a fadama, a cire kaska, a duba kofato. Wanda ke kusa da dajin da ke da tsando ya lura da cutar sammore, don tana shanye jini, sa mai ƙarancin jini ko kunya 10 bai yi ba zai fara haki. Ka ɗaga fatar idonsa ka gani, ja-ja ake so ba fari fat ba. Sannan sati biyu ko uku kafin ruwa a fara motsa su, su ja amalanke ko gungume awa ɗaya, gobe a ƙara, wuya ya saba da ice, jiki ya saba da tafiya. San da ya yi wata shida a turke aka wayi gari aka ba shi eka guda, dole ya kwanta.

Mataki na shida: amalanke, jaki da raƙumi

A amalanke hanya ce ke yanke lodi. Amalanke mai tayar mota da iska a cike, idan ita da kayanta sun kai tan ɗaya, a kan kwalta shimfiɗaɗɗiya jan da take buƙata bai fi kilo 30 zuwa 40 ba, shanu biyu zasu tafi da ita suna tuƙa. Wannan lodin dai idan ya shiga yashi mai zurfi jan zai iya ninkawa sau biyar ko fiye, idan kuma hawa ne da ke tashi mita 1 a cikin kowane mita 20, kilo 50 ne ya ƙaru a kai. Don haka lodi ana yin sa ne da tunanin wuri mafi muni a hanyar, mashigin rafin nan ko hawan bakin gari, ko da sauran hanyar duk kwalta ce. Masu ɗibar yashi da taki da bulo su suka fi faɗawa wannan. Sawu biyu da rabin lodi ya fi sawu ɗaya da za a maƙale ana duka. A duba iskar taya, a sa giris a boris, kuma a raba kayan a kan gatarin tayar yadda ɗan nauyi kaɗan ne zai sauka a karkiya, idan ya yi gaba yana danne wuya, idan ya yi baya karkiya na ɗagawa igiya na shaƙe su. A gangara kuma a tare tayar ko a sa birki, kar amalanke ta riƙa tura su.

Jaki shi tafiya ba ta cin ƙarfinsa kamar sa, kuma gwargwadon jikinsa yana ja fiye da sa, amma jikin ƙarami ne, jakunanmu yawanci kilo 100 zuwa 150 ne. Kayan baya kamar kashi 1 cikin 3 na nauyinsa ya dace, kilo 33 zuwa 50, ba buhun masara mai kilo 100 ga kuma mai shi a zaune a kai ba. A sa akumari mai kauri, mangala ta daidaita hagu da dama, nauyin ya sauka a gefen haƙarƙari kar ya zauna a ƙashin baya. In ja zai yi da ƙirji yake ja, a sa masa maɗauri mai faɗi da laushi, karkiyar shanu ba tasa bace. Kuma jaki yana ɓoye ciwo, ba ya haki da wuri kamar sa, in kaga ya tsaya shiru kunnuwa sun faɗi ya ƙi cin abinci to abin ya yi nisa. Raƙumi da ake huɗa da shi a wajajen Sakkwato da Zamfara da cikin Nijar, shi rairayi gidansa ne saboda faffaɗan tafinsa, yana jure zafi da ƙishirwa fiye da sa, amma laka mai santsi maƙiyiyarsa ce, zamewa ɗaya na iya raba masa ƙafafu, kar a kai shi fadama bayan ruwa.

Abin da nake yi kowane dare a lokacin huɗa shine bayan sallar isha'i in ɗauki tocila in je turke. In na tarar sun kwanta suna tuƙa, kwanon dusa a share, kashinsu daidai, gobe akwai aiki. In na tarar ɗaya a tsaye kai a ƙasa harawar na nan yadda aka zuba, ko na taɓa wuyansa ya janye, to tun a daren nake aika wa mai gonar gobe cewa Alhaji a yi haƙuri sai jibi. Ko lafiyarsu lau, bayan kwana uku ko huɗu a jere ina ba su wuni guda, ranar Juma'a kuwa dama ba ma ɗaurawa.